Muhawara: Ƙarfin Hannu ko Dakewar Zuciya, Wanne ne ke Yin Kwatabak?

Malam Sani:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai wata magana da nake so mu tattauna, kuma na san ba kowa ne zai yarda da ni ba. A ƙwallon ƙafar Amurka, ɗan wasan da ake kira kwatabak, wato wanda ake miƙa wa ƙwallo a farkon kowane hari domin ya jefa ta, ko ya damƙa wa wani, ko ya ruga da ita da kansa, ba ƙarfin hannu ne ke mayar da shi gwarzo ba. Kaifin tunani da dakewar zuciya ne. Daga lokacin da ƙwallo ta shiga hannunsa, yawanci sakan biyu da rabi zuwa uku ne gare shi kafin ƙarti su cim masa, kuma a cikin wannan ɗan taƙin ne zai gane dabarar da masu tsaro goma sha ɗaya suka ƙulla, ya zaɓi wanda zai jefa wa, ya kuma saki ƙwallon zuwa inda mutumin zai isa, ba inda yake tsaye ba.

Hujjata ita ce Tom Brady. A zaɓen sababbin 'yan wasa na NFL, babbar gasar ƙwallon ƙafar Amurka, na shekarar 2000, inda ƙungiyoyi ke ɗaukar matasa bi da bi, zagaye bayan zagaye, sai a lamba ta 199 aka ɗauke shi, bayan an riga an ɗauki kwatabak shida, kuma gudun yadi 40 da aka gwada shi ya ci masa sakan 5.28, wanda jinkiri ne ƙwarai a wannan fage. Wannan mutumin ne ya ci kofin Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar NFL, sau bakwai. A wasan ƙarshe na watan Fabrairun 2017 Atlanta Falcons na gaban ƙungiyarsa, New England Patriots, da maki 28 da 3, amma aka tashi ƙungiyar tasa ta yi nasara da 34 da 28. Ban ga yadda tsokar hannu za ta bayyana wannan ba.

Injiniya Bashir:
Wa'alaikumussalam Malam Sani. Ina ganin an daɗe ana zaluntar jikin Brady domin labarinsa ya yi daɗin ji. Tsawonsa ƙafa 6 da inci 4 ne, kuma tun a 1995 ƙungiyar ƙwallon gora (baseball) ta Montreal Expos ta zaɓe shi, alhali wasan nan ba ya karɓar mai raunin jifa. A kakar 2021, yana da shekara 44, shi ne ya fi kowa yawan yadin jifa, da yadi 5,316. Rashin gudu daban ne, rashin hannu daban ne.

Idan muna son mu ga abin da ƙwaƙwalwa ke iya yi ita kaɗai, mu dubi Peyton Manning a kakar 2015. Babu mai musun cewa yana cikin waɗanda suka fi kowa fahimtar wasan, domin sau biyar ana ba shi kyautar gwarzon shekara. Amma bayan tiyatar wuya da tsufa sun ci ƙarfin hannunsa, jifan ci, wato jifan da aka cafe aka ci maki da shi, 9 kawai ya yi a wannan kaka, abokan hamayya kuma suka cafke jifansa sau 17. Ilimin yana nan daram, hannun ne ya ƙi. Ƙungiyarsa ta Denver Broncos ta ci kofi a wannan kaka, amma masu tsaronta ne suka ɗauko shi, shi ya sa ɗaya daga cikinsu, Von Miller, ya zama gwarzon wasan ƙarshe. Ga kuma Kellen Moore, wanda ya ci wasa 50 ya faɗi 3 kacal a jami'ar Boise State, amma ba wanda ya zaɓe shi a 2012 saboda ƙanƙantar jiki da raunin jifa. Basirarsa ta kai shi ga zama babban mai horarwa, ba ta kai shi ga zama tauraro a cikin fili ba.

Usman:
Gafara dai manya, in saka baki. Ina bayan Injiniya, kuma dalilina shi ne ana iya koya wa mutum karatun wasa, amma ba a iya koya masa tsawo ko ƙarfin dantse. Josh Allen ya fito daga jami'ar Wyoming ana cewa jifansa ba ya zuwa inda ya nufa, kuma a shekararsa ta farko a Buffalo, 2018, kashi 52.8 cikin ɗari ne kawai na jifansa ke isa hannun abokan wasansa. Zuwa 2020 abin ya kai kashi 69.2, a kakar 2024 kuma ya zama gwarzon shekara. Da Buffalo ta bi ra'ayin Malam Sani, da ta bar shi ya wuce.

Malam Sani:
Usman ƙanena, ka kawo mutum ɗaya da cacar ta yi kyau a kansa, to bari in kawo maka waɗanda ta ci. JaMarcus Russell shi ne na ɗaya a zaɓen 2007, ƙato mai tsawon ƙafa 6 da inci 6, mai hannun da masu farautar 'yan wasa suka yi ta santinsa. Oakland Raiders ta sallame shi a 2010 bayan ya ci wasa 7 ya faɗi 18. A 1998 an yi ta gardama tsakanin Manning da Ryan Leaf, wasu na cewa Leaf ya fi ƙarfin hannu. Leaf ya bar wasa da jifan ci 14, an kuma cafke jifansa sau 36. Abin lura shi ne Manning ma ya sha kashi a shekararsa ta farko, an cafke jifansa sau 28, ƙungiyarsa ta ci wasa 3 ta faɗi 13. Dukansu biyu sun ɗanɗana kunya a gaban duniya, ɗaya ya tashi, ɗaya ya rushe, kuma wannan tashin shi nake kira dakewar zuciya.

Na baya-bayan nan ma ya isa misali. San Francisco 49ers ta zuba zaɓenta na zagayen farko har guda uku domin ta samu Trey Lance a 2021, saboda jikinsa da gudunsa. Wasa huɗu kawai ya fara mata. Wanda ya kai ta wasan ƙarshe a Fabrairun 2024 shi ne Brock Purdy, mutum na 262 kuma na ƙarshe a zaɓen 2022. Shi kansa Allen, ai ba hannunsa ne ya ƙaru tsakanin 2018 da 2020 ba. Abin da ya ƙaru shi ne haƙurin gyara tsayuwarsa da sanin lokacin da ya kamata ya haƙura da jifa.

Malama Rabi:
Malam Sani, ina girmama hujjojinka, amma akwai abin da ke damuna a duk lokacin da aka ce wane yana da jiki, wane kuma yana da ƙwaƙwalwa, domin wannan rabon yana da tarihi mara daɗi a Amurka. Shekara da shekaru ana hana baƙaƙen fata wannan matsayi da hujjar cewa suna da gudu da ƙarfi amma ba su da tunanin jagoranci, sai a mayar da su masu karɓar jifa ko masu tsaro. Warren Moon ya jagoranci jami'ar Washington ta ci Rose Bowl, babban wasan jami'o'i, a farkon 1978, amma babu ƙungiyar NFL da ta zaɓe shi, sai Kanada ya tafi, inda ya ci kofin gasar ƙasar, Grey Cup, sau biyar a jere tare da Edmonton kafin a buɗe masa ƙofa a gida. Sai a watan Janairun 1988 baƙar fata na farko, Doug Williams, ya ci Super Bowl a matsayin kwatabak. Kuma abin bai zama tsohon labari ba, domin a 2018 Bill Polian, tsohon babban jami'in ƙungiya wanda ake jin maganarsa, ya ba da shawarar Lamar Jackson ya koma mai karɓar jifa. An ɗauki Jackson a lamba ta 32, ya zama gwarzon shekara a 2019, ya sake a 2023.

Abin da nake nufi shi ne gudu yana da agogo, tsawo yana da awo, amma dakewar zuciya ba ta da ma'auni, don haka duk wanda ke riƙe da alƙalami yana iya rubuta son ransa a wannan gurbi. An taɓa dogara da jarrabawar Wonderlic, mai tambaya 50 cikin minti 12, har NFL ta daina ba da ita a taron gwajin 'yan wasa a 2022. Ryan Fitzpatrick, ɗalibin Harvard wanda ya shahara da cin wannan jarrabawa, ya buga wa ƙungiyoyi tara amma bai taɓa buga wasan zagayen neman kofi ba. Mafi yawan lokaci sai mutum ya ci nasara muke cewa yana da zuciya. Da Atlanta ta riƙe ƙwallo ta ƙara maki uku a ƙarshen wasan 2017, da Brady yana nan yadda yake, amma da ba mu kawo wannan dare a matsayin hujja ba.

Alhaji Garba:
Madalla da wannan bayani, Malama. Ni kuma zan ƙara da cewa kuna magana kamar zuciyar yaro abu ce da ya zo da ita daga gida, ba mai taɓa ta. Duk wanda ya san doki ya san cewa ingarma mai kyau yana lalacewa a hannun mahayin da ya sa shi sukuwa tun bai saba da linzami ba. David Carr shi ne na ɗaya a zaɓen 2002, aka jefa shi cikin sabuwar ƙungiyar Houston Texans ba tare da masu kare shi na kirki ba, aka kayar da shi da ƙwallo a hannu sau 76 a kaka guda. Yaron da aka yi wa haka zai koyi kallon masu zuwa bugunsa maimakon kallon wanda zai jefa wa, sannan a zo a ce ba shi da zuciya. Sam Darnold ma an yanke masa hukunci a New York Jets, amma a 2024 ya jagoranci Minnesota Vikings ta ci wasa 14.

Ku kwatanta da Patrick Mahomes na Kansas City, wanda ya zauna kusan kaka guda a benci bayan kwatabak Alex Smith, ƙarƙashin mai horarwa Andy Reid, kafin a damƙa masa ragama a 2018 ya yi jifan ci 50. Shi ɗin ma, ranar da masu kare shi suka ji rauni a wasan ƙarshe na Fabrairun 2021, Tampa Bay ta doke su 31 da 9. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Malam Sani:
Alhaji, Allah Ya ƙara girma, maganarka a kan Carr gaskiya ce. Malama Rabi, tarihin da kika kawo babu mai musunsa, amma ni a ganina yana ƙarfafa maganata ne. Laifin mutanen can shi ne sun kalli fata sun yanke hukunci a kan tunani, ba wai tunanin ne ba shi da muhimmanci ba. Jackson ya ruga yadi 1,206 a 2019, amma a kakar nan ɗin ya yi jifan ci 36 aka cafke 6 kawai, a 2024 kuma 41 aka cafke 4. Wannan aikin mai zaɓe da natsuwa ne, kuma shi ne abin da masu raina shi suka kasa gani.

Ban kuma yarda cewa sai bayan nasara ake gane zuciya ba. A watan Janairun 2018 an cire Jalen Hurts, kwatabak ɗin jami'ar Alabama, a hutun rabin lokaci na wasan ƙarshe na jami'o'i, aka sa Tua Tagovailoa, Alabama ta ci kofi da wani a gurbinsa, duk ƙasar na kallo. Bai bar makarantar a fusace ba, ya zauna shekara guda a benci, kuma a watan Disamba da Tua ya ji rauni ya shigo ya ci musu Georgia. Duk wannan ya faru kafin zaɓen 2020, a idon kowa, amma aka bar shi har zagaye na biyu. A Fabrairun 2025 shi ne gwarzon wasan ƙarshe da ƙungiyarsa Philadelphia ta doke Kansas City 40 da 22.

Injiniya Bashir:
Malam, kada mu manta cewa Hurts ɗin nan ya ci da ƙafarsa sau 15 a kakar 2023, kuma dabarar tura shi ta tsakiya da Philadelphia ta shahara da ita tana tafiya ne a kan ƙarfin cinyoyinsa da na masu tura shi. Purdy kuma, da ya isa wasan ƙarshe, Mahomes ne ya doke shi 25 da 22, kuma a harin ƙarshe da ƙafarsa Mahomes ya ceto ƙungiyarsa lokacin da saura dama ɗaya ta rage musu. Idan natsuwa ta zo ɗaya, mai jiki ne ke tafiya da kofi. Saboda haka in ni ne mai zaɓe, zan ɗauki mai hannu da gudu, in nema masa mai horarwa nagari da masu kare shi.

Malam Sani:
Ni kuma in an ba ni zaɓe, matuƙar hannun yaro ya kai ya jefa ƙwallo daga tsakiya zuwa gefen fili kafin mai tsaro ya riga ta, ba zan ƙara tambayar ƙarfinsa ba. Zan nemi faifan wasannin da ya faɗi, in kalli abin da ya yi a harin da ya biyo bayan an cafke jifansa, in kuma tambayi masu kare shi ko yakan ɗora musu laifi a gaban jama'a.

Malama Rabi:
Wannan hanyar ta fi jarrabawar takarda adalci, Malam, amma ina so ka lura da sharaɗin da ka fara gindayawa, wato hannun ya kai, wanda shi ne abin da Injiniya yake faɗa tun farko. Sannan ita kanta New England ta ɗauki 'yan wasa shida a zaɓen 2000 kafin ta waiwayi Brady, San Francisco kuma ta jira har zaɓen ƙarshe kafin ta ɗauki Purdy, alhali dukansu suna da faifan wasannin yaran nan, sun kuma zanta da masu horar da su. Ina so ka faɗa mana abin da kai za ka gani a faifan Brady na jami'ar Michigan wanda ƙungiyoyi 31 suka kalla har zagaye biyar ba su gani ba.