Ta wace ƙofa sabon mai zane ke shiga baje kolin duniya, kuma nawa ke zuwa hannunsa?

Ɗan Samaru:

Assalamu alaikum. Tambayata a kan manyan baje kolin zanen zamani ce, irin su ART X Lagos da 1-54 da Liste na birnin Basel, inda ake fito da sababbin masu zane daga ƙasashe daban-daban. A ce matashi ya gama sashen zane a Zariya ko Maiduguri, yana da aiki goma sha biyu zuwa sha biyar da ya yarda da su, galibi fentin akirilik a kan ƙyalle, wasu kuma gawayi a takarda. Shi zai cike fom ya biya kuɗin rumfa, ko sai an gayyace shi? In an ɗauke shi, wa ke biyan dakon kaya da inshora da kwastan? In an sayar da aiki, nawa ke isowa hannunsa, kuma yaushe? Don Allah manyanmu masu sanin harkar a yi mana bayani filla-filla, domin hotunan ranar buɗewa kaɗai muke gani a waya.

Malamin Zane:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, fara gyara wannan a ranka: baje kolin nan da ka lissafa ba sa karɓar mai zane kai tsaye. Gidan dillancin zane, wato galari, shi ke neman rumfa, shi ke biyan kuɗinta, shi kuma ke zaɓar wanda zai tafi da aikinsa. Kamar kara ce, baƙo ba ya shiga da sansa ya yi ciniki sai ta hannun dillalin da masu saye suka sani. Gidan zai tura takardar nema watanni da yawa kafin taron, da hotunan ayyukan, da tsarin yadda zai jera su a bango, da tarihin nune-nunen da ya shirya. Kwamiti ya zauna ya tace. Saboda haka aikin matashi na farko shi ne samun gidan da zai tsaya masa.

Kowane taro da halinsa. Tokini Peterside ce ta kafa ART X Lagos a 2016, ana yin sa a watan Nuwamba, a 'yan shekarun nan a otal ɗin Federal Palace. Touria El Glaoui, 'yar Maroko, ta fara 1-54 a Landan a 2013, a Somerset House cikin Oktoba, makon da ake yin babban baje kolin Frieze. Ta kai shi New York a 2015, sannan Marrakesh a 2018. Wannan na masu zanen Afirka ne da 'ya'yanta mazauna waje. Liste kuwa tun 1996 ake yin sa a watan Yuni, mako ɗaya da babban baje kolin Art Basel, kuma an gina shi ne domin ƙananan gidaje da sababbin hannu, galibi rumfa guda mutum ɗaya ko biyu. Manyan tarukan ma sun keɓe wa masu tasowa sashe: Statements a Art Basel, Focus a Frieze, Tomorrows/Today a baje kolin Cape Town na watan Fabrairu. A ganina rumfar mutum ɗaya a irin wannan sashe ta fi a rataye maka aiki biyu cikin mutum takwas a babbar rumfa, domin masu tsara nune-nunen gidajen tarihi suna son ganin tunanin mutum a jere, aiki shida ko bakwai da ke magana da juna.

Kada ka haɗa waɗannan da Dak'Art na Senegal. Wancan nuni ne na shekara bibbiyu, masu tsarawa ke zaɓe, ba kasuwa ba ce, amma gidajen galari suna zuwa can farautar sababbin suna.

To yaya gida zai san da kai? Gidan galarin Rele a Legas yana da shirin Young Contemporaries tun 2016, na horar da matasa da nuna aikinsu. Akwai gasar ART X Prize, wadda ta riƙa tura wanda ya ci zaman aiki a cibiyar masu zane ta Gasworks a Landan. Akwai gidaje irin su Retro Africa a Abuja, gidan kó da na SMO Contemporary a Legas, Gallery 1957 a Accra. A 2024 kuma an fara +234 Art Fair a Legas, wanda ya karkata ga masu tasowa. Duba masu zanen da kowane gida ke riƙe da su kafin ka rubuta masa. Wanda ya ginu a kan hoton kyamara ba zai waiwayi mai gawayi ba. Ka aika fayil ɗaya na PDF, aiki goma zuwa sha biyar, kowanne da suna, shekara, kayan da aka yi shi da su, da tsawo da faɗi a santimita, tsawo ne farko. Ɗauki hoton da hasken rana a inuwa, kyamara daidai tsakiyar aikin, ba filasha. Hoton da ya karkace ko ya yi ƙyalli shi ke kashe yawancin takardun nema tun ba a karanta bayanin ba.

Akwai inda mai zane ke shiga da kansa, kamar The Other Art Fair da aka fara a Landan a 2011, amma a can shi zai biya rumfa, dako, masauki, a kuma cire kamasho a cinikinsa. Duk wanda ya turo maka saƙo cewa an zaɓe ka, ka biya kuɗi a nuna aikinka a allon talabijin a Basel ko Miami, bangon haya yake sayar maka a gefen taron, kuma masu saye na gaske ba sa leƙawa can.

Baban Kaya:

Malam ya gama da ƙofar shiga, bari in ɗauki dako, don a nan ake asarar da ba a gani a hoto.

A al'ada gidan galari ke biyan kai kaya taro da inshora. Amma daga ɗakin aikinka zuwa hannunsu, sau da yawa a wuyanka yake, sai dai in takarda ta ce ba haka ba. A rubuta cewa inshorar ta fara daga lokacin da aka sauke aikin daga bangonka har ya hau bangon mai saye ko ya dawo, a kuma rubuta darajar kowane aiki.

Akirilik yana laushi in ya ji zafi, ya yi danƙo. In ka naɗe shi da ledar nan mai ƙwayoyin iska kai tsaye, ya kwana biyu a bayan mota tsakanin Kano da Legas, za a buɗe a ga tambarin ƙwayoyin a fuskar fentin, kuma ba ya gyaruwa. Kada komai ya taɓa fuskar: a kafa kwali mai kauri a gefuna ya ɗara fuskar da santimita biyu zuwa uku, a rufe da wani kwalin a sama, sannan leda, ƙwayoyin suna kallon waje. Fentin mai kuma yakan bushe a taɓawa cikin kwanaki, amma cikinsa na ɗaukar watanni, shi ya sa ba a shafa masa banish sai bayan wata shida. Aikin gawayi a fesa masa maganin kamawa sau biyu ko uku, siriri-siriri, daga nisan santimita talatin, a sa takarda marar asid a kai, a yi jigilarsa a kwance tsakanin allo biyu. In da gilashi a firam, a cire ko a sauya da na roba mai tare hasken rana.

Wani abin da ya shafi 'yan Arewa musamman: ART X na faɗowa a farkon hunturu. Aikin da aka ɗaure a busasshiyar iska, in ya shiga laimar Legas katakon firam kan sha ruwa ya murɗe, ƙyallen ya saki ko ya yi tudu a kusurwa. Maganinsa busasshen katako, sandar tsakiya ga duk aikin da ya wuce mita ɗaya, da 'yan ƙananan katakai masu tsini a kusurwoyi huɗu da za a ɗan buga a ƙara ɗaurin. Kayan su isa da kwana uku ko huɗu a gaba, su huta a ɗakin kafin a rataye.

Jirgin sama ba nauyin sikeli kaɗai yake caji ba, har da girman wuri. Ana ninka tsawo da faɗi da kauri a santimita, a raba da 6,000. Kamfanonin aika saƙo da 5,000 suke rabawa. Akwatin 170 da 140 da 40 zai fito kilo 159 ko da sikeli ya nuna 70. Ayyukan nan in an kwance su aka naɗe a bututu mai 160 da 20 da 20, kilo 11 ke nan. Shi ya sa ƙananan gidaje ke naɗewa su sake ɗaurewa a can. In za a naɗe, bututun ciki kada faɗinsa ya gaza santimita goma zuwa sha biyar, kuma fuskar fenti ta kalli waje. In ta kalli ciki fentin ya matse, ranar warwarewa ya tsage. Aiki mai kaurin fenti ba a naɗe shi sam.

Akwatin da aka yi da tsagin katako dole ya ɗauki hatimin ISPM 15, shaidar an gasa katakon har cikinsa ya kai digiri 56 na minti talatin don kashe ƙwari. Babu hatimi, ana iya tsare shi ko a mayar da shi. Filawud ba ya cikin wannan doka, don haka a yi akwatin da shi gaba ɗaya, a ɗaure da sukurori, kada a buga ƙusa da aiki a ciki.

Takardu kuma: a Najeriya a nemi izinin fitarwa daga Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, NCMM, mai nuna aikin na zamani ne, ba kayan tarihi ba. A takardar kwastan zane na lamba 9701, sassaƙa 9703. In aka rubuta "kayan ado" ko "sana'ar hannu", an fitar da shi daga wannan babi, haraji ya canza. Kayan na shiga ne a matsayin na wucin gadi. Wanda aka sayar a Ingila a biya masa VAT na shigo da zane kashi 5 cikin ɗari, a Faransa 5.5. A guji fatar mesa ko kada, da hauren giwa, da katakon madobiya, wanda ke cikin jerin CITES, yarjejeniyar duniya ta kare dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa.

Ɗan Samaru:

Allah ya saka da alheri, Malam da Baba. Saura maganar kuɗin. Kuma na ji ana cewa in taro ya karɓe ka farashinka ya tashi ke nan, haka ne?

Hajiya Mai Galari:

Ɗana, rabon da aka saba shi ne rabi da rabi, kuma ba zalunci ba ne in ka duba abin da gidan ke ɗauka: rumfa, ƙarin bango da fitilu da ake caji daban, dako, inshora, tikiti da masaukin ma'aikata, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Nauyin ya kai har Art Basel ta sauya tsari a 2019, ƙananan rumfuna suka koma biyan ƙasa da manya a kowace murabba'in mita.

Ga misali. An sa wa aiki dala 4,000. Mai saye ya nemi ragin kashi goma, wanda kusan kowa ke nema, ya zama 3,600, naka 1,800. In gidan ya biya firam kuma an yarda a cire kafin rabo, naka ya ƙara sauka. Don haka kafin aiki ya bar hannunka a sa hannu a takardar amana: jerin ayyukan da hotunansu, farashin kowanne, iyakar ragin da za a yi ba tare da an kira ka ba, wanda zai ɗauki abin da ya haura, ranar dawo da wanda bai shiga ba, da wa'adin biya, galibi kwana talatin bayan mai saye ya biya. A rubuta da wane kuɗi za a biya ka. In da dala aka sayar a ce dala, ka buɗe asusunta, in ba haka ba a rubuta canjin wace rana za a bi.

A nan zan ɗan saɓa wa Malam. Rumfar mutum ɗaya tana da kyau, amma ga wanda bai taɓa nunin kansa a gida ba haɗari ce. Yawancin ciniki na faruwa ne kafin a buɗe wa jama'a: mako ɗaya ko biyu a gaba gidan ya tura wa masu sayensa fayil ɗin ayyukan, sannan ranar manyan baƙi a ƙarasa. Wanda ba shi da ko mutum biyar da suka taɓa sayen aikinsa, rumfarsa na iya tashi ba ciniki, kuma gidan da ya yi wannan asara da wuya ya sake ɗaukarsa. Na fi son aiki biyu ko uku a rumfar haɗaka a Legas ko Cape Town tukuna.

Farashi kuwa a fara shi a ƙasa, bisa ƙa'ida ɗaya. Hanya mai sauƙi: tsawo a tara da faɗi, a ninka da lamba guda. Aiki mai 120 da 100, a lamba 15, dala 3,300 ke nan, sauran ma a bi su da lambar. In an sayar da yawancinsu a ƙara kashi goma zuwa sha biyar a nuni na gaba. Tashi yana da sauƙi, saukowa ce ke ɓata suna, don wanda ya saya da tsada bara ba zai yafe ba. Kuma farashin ɗakin aikinka ya zama daidai da na gidan. Mai zanen da ke sayarwa rabin kuɗi ta WhatsApp bayan taro, labarin na komawa cikin mako guda.

Tashin gaggawa da ka ji yana faruwa. Amoako Boafo na Ghana ya yi fice a Art Basel Miami Beach a Disambar 2019 da gidan Mariane Ibrahim. A Fabrairun 2020 aka sayar da aikinsa na 2019 a gwanjon Phillips na Landan kan fam 675,000, alhali an ƙiyasta shi 30,000 zuwa 50,000. Ribar ta wanda ya kai aikin gwanjo ce. Shi sunansa ya ɗore, amma matashin da aka hau farashinsa haka sannan 'yan sari suka juya baya, ayyukansa kan dawo gwanjo a rasa mai taya su. Shi ya sa gidaje da yawa ke sa mai saye ya sa hannu cewa ba zai sayar ba sai bayan shekara uku zuwa biyar, in kuma zai sayar ya fara tallata wa gidan. Ka tambaya ko gidanka na yin haka, ka kuma nemi a rubuta cewa za a ba ka sunan duk wanda ya sayi aikinka da garin da aikin ya tafi, domin ranar da gidan tarihi ya nemi aro za ka buƙace su.