Kayan sojan kakanmu na yaƙin Bama: yaya zan adana su, kuma in sayi bindigar?

Jikan Soja: Assalamu alaikum. An raba gado, adakar kakanmu ta faɗo hannuna. A ciki akwai lambobin yabo uku, banati cikin kubensa, littafin sallama daga soja da hoto ɗaya. Banatin ya yi tsatsa, lambobin sun dusashe. Da me zan goge su? Sannan wani dillali ya yi mini tallar tsohuwar bindiga Lee-Enfield, wai daga Bama ta zo. In saya in haɗa?

Tsohon Saje: Wa alaikumus salam. Ɗana, bindigar nan ka fita harkarta. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa bindigar soja mai cin harsashi .303, irin Lee-Enfield ɗin nan, a sahun haramtattu, ba a riƙe ta sai da lasin shugaban ƙasa, kuma tsufa ba ya fid da ita daga sahun. Ko da ita ce ka tarar a adakar, wa 'yan sanda za ka miƙa ta. Haka in ka ga tsohon harsashi a ƙasan kayan: kada ka ƙwanƙwasa, kada ka jefa a wuta, albarushi yana iya tashi bayan shekara tamanin. Batun “daga Bama ta zo” kuwa, zancen dillali ne. An ƙera irinta miliyoyi, kuma lambar jikinta ba ta faɗin wanda ya rataya ta.

Malamin Tarihi: Jikan Soja, abin da ka ambata kusan a ƙarshe shi ne uban kayan, wato littafin. Lambobin Yaƙin Duniya na Biyu da Ingila ta raba yawancinsu ba suna a jiki, saɓanin na Yaƙin Farko da ake buga suna da lambar soja. Tauraruwar Bama, lambar yabon da aka ba waɗanda suka yi yaƙin Bama, ita kaɗai ba ta shaidar kowa. Littafin ne ke cewa ta wane ce. Ranar da aka raba su, ta zama ƙarfen kasuwa.

Ka kwafe lambar sojansa (ta 'yan Najeriya kan fara da NA), bataliyarsa, ranar ɗauka da ranar sallama. Sai ka duba kafaɗarsa a hoton. Baƙin gizo-gizo tambarin Runduna ta 81 ne, wadda ta yi faɗa a kwarin Kaladan a 1944. Mashi biyu a gicciye da gammo na Runduna ta 82 ne, wadda ta shiga Myohaung a Janairun 1945. Da sunan bataliya za a iya nemo littafin aikinta na kullum a gidan adana takardu na Ingila da ke Kew a Landan, jerin takardu mai lamba WO 172. Da wuya ka ga sunan farabiti a ciki, amma za ka san inda suke a kowace rana. Tauraruwar kuma, ƙyallenta ja ne a tsakiya, gefe da gefe shuɗi mai duhu da ratsin ruwan lemo. Ko ya kode kada ka canza shi.

Mai Gyaran Kayan Tarihi: Wajen goge lambobin, toka, yashi, lemon tsami, man goge ƙarfe na Brasso, duk ka nisance su. Suna cinye rubutu, kuma dusashewar nan da kake ƙi ita masana ke nema. Ƙura kawai za ka kaɗe da burushi mai laushi.

Banati: zare shi, ka ɗiga man keken ɗinki a kan jar tsatsar, ka bar shi kwana biyu, ka goga a hankali da soson ƙarfe mafi laushi mai lamba 0000, kana bin tsawon kaifin. Baƙin tabo ka ƙyale shi, ba ya ci gaba. Share man tas, ka shafa kakin adana kayan tarihi mai suna Renaissance siriri. Kafin ka fara, ɗauki hoton gindin kaifin: in samfurin 1907 ne, mai tsawon inci 17, za ka ga kambin sarauta, wata da shekarar ƙira, da sunan maƙera irin su Wilkinson. Kada ka mayar da shi kube, fata na riƙe laima. Fatar kuma ban da man shanu ko man gyaɗa. Suna ɓaci, suna kiran ƙwari.

Littafin kada a liƙe shi da leda mai zafi, kada a sa salatif. Cire tsatsattsun filoli, ka ɗauki hoton kowane shafi, ka sa shi cikin farar takarda marar asid. Laimar da ake so kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari ce, don haka da damina ka sa ƙunshin silika mai tsotse laima a akwatin, ka ɗaga shi daga ƙasa saboda gara.

Malamin Tarihi: Ƙari ɗaya: in akwai tsohuwar da ta san shi, ka naɗi muryarta a waya cikin makon nan, ka rubuta wanda ya riƙe adakar daga rasuwarsa zuwa yau, shaidu biyu su sa hannu.

Jikan Soja: Allah ya saka da alheri. Na duba hoton, gizo-gizo ne. Gobe zan je wajen gwaggo.