Rage Iskar Taya a Rairayi: Dole Sai da Rim Mai Bidlok?

Mai Hilux: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Hilux ce mai taya 265/65R17, aikinta shiga rairayi wajen Yusufari da Tulo-Tulo. An ba ni shawarar in sayi rim mai bidlok, wato mai zoben da ke danne bakin taya a jikin rim, don in riƙa rage iska sosai. Kuɗin ba kaɗan ba ne, shi ya sa nake son jin ta bakin masana kafin in taɓa aljihu.

Oga Makanike: Wa alaikumus salam. Malam, ajiye zancen rim tukuna. Nawa kake barin iskar idan ka sauka daga kwalta? Yawancin masu kafewa da iskar titi suke shiga, psi 32 ko 35 (psi ma'aunin ƙarfin iskar taya ne). Ka sauke duka huɗun zuwa 18. In ka ji injin na nishi har yanzu, ka koma 15. Da iska ta ragu sawun tayar yakan ƙara tsawo, faɗin kaɗan yake ƙaruwa, sai nauyin motar ya bazu, taya ta hau kan yashin maimakon ta yi ta tara shi a gabanta. A 15 zuwa 18 rim ɗin da motar ta zo da shi ya wadatar.

Direban Agadas: Gaskiyar Oga ce. Mu nan da kilo muke aunawa, kilo ɗaya ya ɗan haura psi 14. Sai dai a duba lodi. Motar da ta ɗauko durom na mai da jarkokin ruwa za ta Dirku can cikin hamadar Nijar ba a yi mata lissafin motar da ba komai a bayanta. Ƙafafun baya a bar musu ƙarin psi 3 ko 4 a kan na gaba. Kuma gudu ya ragu: a 18 kada a wuce kilomita 50 a awa, a 15 a tsaya wajen 30 zuwa 40. Gefen tayar lanƙwasa yake yi a kowane juyi, yana ɗaukar zafi, zafin nan shi ke raba roba da wayar ciki. Ba a ranar za ta nuna ba, sai an koma kwalta ta fashe.

A sake aunawa bayan tafiyar rabin awa, domin zafi na ɗaga iska. Wanda ya sa 15 da asuba zai iya tarar da 18 ko 19 da azahar, daidai lokacin da rairayin ya fi laushi.

Mai Faci: Bari in faɗi abin da bidlok ɗin yake magani, don a san ko ana da ciwon. Taya marar tif, iska ce ke danne leɓenta, wato bakinta, a jikin rim, sai wani ɗan tudu da aka yi a rim ɗin yana tare shi. Daga psi 12 zuwa ƙasa dannewar ta yi rauni. Ka murɗa sitiyari da ƙarfi, ko ka bi gefen tudu a karkace nauyi ya koma ƙafa ɗaya, sai ka ji fuf, leɓen waje ya zame, iska ta fita lokaci guda. Wani lokacin ba ya zamewa duka, buɗewa yake kaɗan yashi ya shiga tsakani, daga nan taya ta riƙa sacewa a hankali.

Alhaji Mai Cruiser: To ai kun faɗi amfaninsa da bakinku. Da bidlok ana sauka 8, har 6, a taka totur ba fargaba. Akwai tudun da 15 ba ta hawa, musamman in tayar mai taurin gefe ce irin ta ɗaukar kaya, wadda ko an sa mata 15 da ƙyar take yin ciki.

Oga Makanike: Ranka ya daɗe, ba a musa ba. Amma a faɗa wa mai tambaya hidimar da ke biye. Bidlok zobe ne da ake ɗorawa a kan leɓen waje, a ɗaure shi da noti 24 zuwa 32 a kowace ƙafa. Ba a ɗaure su a jere. Da hannu ake fara kama su duka, sannan a bi su ɗaya nan ɗaya can a kishiyarsa, zagaye uku ko huɗu ana ƙara ƙarfi, da sifana mai auna ƙarfin ɗauri. Yawancinsu wajen Nm 20 zuwa 27 a ma'aunin sifanar suke tsayawa, amma takardar kamfanin rim ɗin ita ce hujja. Yaron gareji ya sa musu bindigar iska, ko noti ya karye ko zaren cikin alminiyon ya cinye. Ɗauri ya fi yawa a gefe ɗaya, zoben ya karkace ya riƙa yoyo. A shafa wa zaren man hana cijewa, a sake bin su bayan kilomita 100 na farko, sannan kafin kowace tafiya. Noti ɗaya ya karye, na kusa da shi ne ke ɗaukar nauyinsa, haka za su yi ta bin juna.

Ga nauyi, ga wuyar balansi, a kwalta sitiyari na iya rawa. Kuma leɓen waje kaɗai yake riƙewa, na ciki yana nan a hannun iska.

Alhaji Mai Cruiser: Akwai masu riƙe leɓe biyu. Irin na Humvee ɗin sojan Amurka rim ne mai ɓari biyu da zobe a ciki, kamfanin Hutchinson na yin irinsa. Akwai kuma wanda ake sakawa cikin rim na yau da kullum, ɗan tif ne a cikin riga mai ƙarfi, ana hura shi wajen psi 50 ya tokare leɓɓan biyu. Shi sai an huda rim an sa bawul na biyu.

Direban Agadas: Alhaji, a hamadar Tenere wa zai gyara maka wannan in ya lalace? Wani gargaɗin kuma ga masu tsohuwar Land Cruiser mai taya 7.50R16 da tif a ciki: su matsalarsu daban ce. In iska ta yi ƙasa sosai aka taka totur, tayar kan zame a jikin rim ta ja tif ɗin, bawul ya tsinke daga gindinsa. A lura da bawul, in ya fara karkata gefe tayar ta soma tafiya ke nan. Kada a ɗaure ɗan notin bawul ɗin har ƙasa, a bar shi ya samu wurin karkatawa.

Mai Hilux: Na gode ƙwarai. To in leɓen ya zame a daji fa, ya ake yi?

Mai Faci: Ka sa katako mai faɗi ƙarƙashin jak, in ba haka ba jak ɗin ne zai nutse, mota na nan zaune. Ɗaga ƙafar, ka wanke yashin da ke bakin rim da leɓen tayar tas, ka shafa ruwan sabulu. Cire zuciyar bawul don iska ta shiga da yawa. In tayar ta ƙi kamawa, ɗaura mata igiyar ɗaure kaya mai ƙugiya a tsakiyar gadon bayanta ka matse, leɓɓan za su buɗe su taɓa rim. Da ta fara riƙe iska ka kwance igiyar, ka ci gaba da hurawa har ka ji ƙarar zamanta. Yatsu su yi nesa da bakin rim, kuma in ta kai 40 ba ta zauna ba, a sace iskar a sake wankewa. Masu zuba fetur su ƙyasta ashana, don Allah a daina, yana ƙona fuska yana kuma lalata tayar.

Oga Makanike: Malam Mai Hilux, kuɗin nan ka fara kai su ga geji mai nuna ƙananan lambobi sosai, irin mai tsayawa a 30 ko 60, domin na masu tirela ba ya bambance 12 da 16. Sai famfon iska mai kama batir da ƙugiya, ba mai shiga ramin kunna sigari ba, wannan fis yake ƙonawa kafin ya cika taya biyu. Ka bar injin a kunne lokacin hurawa. Sai shebur da farantan shimfiɗawa ƙarƙashin taya guda biyu. In ka kafe, ɗaga ƙafa daga totur nan take, ka sauke iska zuwa 10 ko 12, ka kwashe yashin gaban tayoyin, ka fita a miƙe da ƙaramar giya ba tare da murɗa sitiyari ba, kana fita ka mayar da ita 15. In bayan wannan akwai wurin da kake bi kullum da sai da 8 yake wucewa, ka dawo mu yi maganar bidlok.

Direban Agadas: Kuma da an fito daga rairayi an hau tsakuwa ko dutse, a tsaya a ƙara iska zuwa 25 ko sama. Gefen da ya yi ciki shi dutse ke yanka, kuma yankan gefe ba ya facuwa.