Wai ni kaɗai ke karanta rubutun bayan adaidaita sahu?

Ɗan Kurna:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni dai kullum daga Kurna nake hawa adaidaita zuwa Kantin Kwari inda nake tsaron shagon yayana, kuma in gosulo ya riƙe mu a titin Katsina ba abin da nake yi sai karanta abin da aka rubuta a bayan na gabanmu. Jiya na ga wani ya rubuta "Addu'ar uwa" da jan fenti, fentin ma duk ya koɗe, wallahi har muka rabu a Fagge tsohuwata nake tunawa, ina sauka na kira ta. Wai wa ke zaɓar kalaman nan ne, direban ko mai mashin ɗin? Ku kuma me kuka taɓa gani da ya tsaya muku a rai?

Malam Direba:
Wa'alaikumussalam ɗan uwa, ka taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Ni da acaɓa nake yi, da aka hana goyo a babur a Kano a 2013 na koma adaidaita. Yawanci wanda ke kai balas kullum ba ya rubuta komai tunda abin ba nasa ba ne, gobe ana iya karɓe makulli. In ka ga rubutu to sau da yawa mutum ya mallaka ne ko yana kan biya. Ni ranar da na kai kuɗin ƙarshe ban ma je gida ba, kai tsaye wajen mai fenti na wuce ya rubuta min "Mahaƙurci mawadaci", ina tsaye yana ja da buroshi idona na kawo ruwa, don ni kaɗai na san ranakun da na yini a titi ban haɗa kuɗin mai da na cefane ba.

Maman Ilham:
Allah sarki Malam, Allah ya ƙara buɗi. Ni daga Hotoro nake zuwa makarantar da nake koyarwa, 'yata ta aji biyu a bayan adaidaita ta koyi haɗa baƙi, tana kan cinyata tana ta "ha-ssa-da ga mai ra-bo ta-ki" har fasinjoji su riƙa taya ta. Amma gaskiya wasu habaici ne zalla, musamman masu zagin mata, waɗannan kam ba na son ta karanta, sai in juyar mata da kai.

Bazazzagi:
Ai wannan abu ya girmi adaidaita nesa ba kusa ba. Da muna yara in za mu Kano, a wajen Kwanar Ɗangora muke ƙirga manyan motocin katako, a jiki an zana zaki ko mikiya, a goshi kuma "Allah ne gatan kowa". Yanzu sitika ta yi yawa, ka ga mota goma da magana iri ɗaya, na hannu kuwa ko daga nesa ka san motar wane ce ta taho.

Ɗan Kurna:
Na gode muku. Malam Direba wane layi kake bi ne? In na hango rubutun nan naka zan tsayar da kai insha Allah, ko ba hanyarmu ɗaya ba mu gaisa.