Burtsatse a tudu ko in sayi fadama? Waɗanda suka taɓa yi su ba ni shawara

Ɗan Auyo: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da gona eka 3 a kan tudu, gadon mahaifinmu. Damina ta daina riƙe alƙawari: a yi ruwan shuka a watan Yuni, sai sama ta ɗauke mako biyu ko uku, gero ya ƙone, a sake shuka, sannan a Agusta ruwan ya zubo gaba ɗaya. Na sayar da shanu biyu, kuɗin na hannu. In haƙa burtsatse da sola in riƙa noman rani a tudun, ko in sayi eka 1 ta fadama da aka yi mini tayi kusa da kogin Haɗeja? Kuɗin ba zai yi duka biyun ba.

Mai Albasa: Ka yi duka biyun kawai, ka huta.

Alhaji Na Ringim: Yaro, kada ka kusanci fadamar nan. A 2022 shinkafata ta nuna, saura girbi, har na kama 'yan yanka na ba su kafin alƙalami. Da daddare ruwa ya shigo. Da safe da kwalekwale aka kai ni, ko kan zangarniya ban gani ba. Takin bashi ne, irin bashi ne, mai kuɗin kuma bai san ambaliya ba. Sai da na sayar da filin da na ajiye wa 'ya'ya. Wanda ya sayar mini da fadamar ya rantse ruwa bai taɓa hawa wurin ba tun zamanin kakansa. Wataƙila ma gaskiya ya faɗa, ruwan yanzu ne ba na kakansa ba.

Maman Khalifa: Innalillahi. Allah Ya mayar da alheri, Baba.

Alhaji Na Ringim: Amin 'yata. Ban ma gama ba. Da na koma tudu na kira masu haƙa, suka karɓi rabin kuɗi, suka tsaya a inda suka ga dama suka ce ruwa ya samu. Watan Maris na yi, sumo, wato famfon da ake zurawa cikin burtsatsen, ya fara jan iska. Har yau lambarsu a kashe take.

Injiniya Sadik: Abin da ya sa ake auna ƙasa kafin a haƙa ke nan. Ta wajen Kano da Dutse dutse ne a ƙasa, ruwan yana cikin tsaguwarsa, kana iya dacewa, maƙwabcinka ya rasa. Daga Haɗeja zuwa Nguru da Gashuwa kuwa yashi ne da laka na kwarin tafkin Chadi, ruwan ya fi sauƙin samu. Amma kogin da ambaliyarsa ne ke ciyar da ruwan ƙasan, kuma tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992 yadda ruwan ke malala ya canza. Ga shi kowa na haƙa. Ka tanadi miliyan 4 zuwa 5 in har da fanel ɗin sola da sumo mai kyau.

Mai Albasa: Miliyan 5? A Abuja ke nan. Ni washbo, wato ƙaramar rijiyar bututu marar zurfi, aka buga mini, dubu 80 har da bututu.

Injiniya Sadik: Naka a fadama ne, ruwan na kusa. Shi tudu ya ce.

Maman Khalifa: Mu na gida miliyan 1 da dubu 800 ya ci bara, ban da tanki.

Mai Albasa: Injiniya, tsakani da Allah ka taɓa riƙe fartanya? Mu da ke cikin taɓo mu ya kamata a tambaya.

Injiniya Sadik: Alhaji ma yana cikin taɓon, ga yadda masu haƙa suka yi masa.

Alhaji Na Ringim: Kada ku sa ni cikin rigimarku.

Ɗaliba Zee: Ba mu kaɗai ba ne fa. Iska in ta yi ɗumi ta fi ɗaukar tururin ruwa, shi ya sa ruwan sama yake jinkiri sannan ya sauko da ƙarfi. Ƙanƙarar kan dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya ma fiye da kashi 80 cikin 100 ta narke daga 1912 zuwa yau. Pakistan kuma, a wannan 2022 da Baba ke magana, ruwan sama da narkewar ƙanƙara suka haɗu suka jawo musu ambaliya.

Kwamandan Shayi: To Ɗan Auyo, ka ji. Ka ɗauki jarka ka nufi Tanzaniya kafin sauran ta ƙare.

Malam Bukar Diffa: Mu nan ƙarshen kogin muke, Komadugu. Tattasanmu da shi yake rayuwa. Na ga farin 1973 da na 1984, lokacin da tafkin Chadi ya ja baya har masunta suka koma shuka masara a inda suke jefa koma. Yanzu kuma ruwan ne ke korar mu daga gidaje. Shekarar da dam ɗin Alau ya ɓalle a Maiduguri, 2024, mu ma ba mu kwana lafiya ba. Ɗana, in ka sayi fadamar, ka yi rani kawai, damina ka bar wa kogi kayansa.

Ɗan Nguru: Wane rani, Malam? Ciyawar kacalla ta cinye hanyoyin ruwa. Inda ake so ruwa ya je ba ya zuwa, inda ba a so nan yake kwanciya shekara guda. A cikin kacallar kuma tsuntsayen jan-baki ke kwana. Yarana tun asuba suke gona da gwangwani suna kora, makaranta sai an yi girbi.

Mai Albasa: Kowace shekara sai a ce an kawo injin yanke ta. Mu dai da lauje muke shiga, ruwa iya wuya.

Ɗan Auyo: Na gode ƙwarai, amma har yanzu ban ji na tudun ba. Akwai wanda ya yi sola a tudu ya mayar da kuɗinsa?

Ɗan Nguru: Jirgin feshin tsuntsayen ma bana ya zo wajenku? Mu sai da suka gama da shinkafar muka ji ƙararsa.