Neman shawara: Kwamfutata tana sandarewa duk lokacin da na tsallaka daga wani aiki zuwa wani

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da ƙaramin shago a Tudun Wada nan Kaduna, ina buga wa mutane takardu da firojet ɗin ɗalibai, wani lokacin har da katin biki. Laftof ɗaya gare ni, ta hannu na saya, Windows 10 ce a kanta, ram ɗinta 4 GB. In Word kaɗai na buɗe, lafiya lau take tafiya. Amma da mai aiki ya ce ya turo min hoto ta WhatsApp, na koma Chrome don in ɗauko, sai allon ya yi fari-fari, alamar linzami ta dinga juyawa. In CorelDraw na buɗe kuwa, komawa Word sai an yi jira. Mutum na tsaye a kaina, ga janareto yana shan mai, ni kuma na zuba wa allo ido.

Shin da gaske kwamfuta tana iya yin ayyuka da yawa a lokaci guda, ko ni ce nake ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta? Wani ya ce bairos ne, wani ya ce in sayar in sayi sabuwa, kuma kuɗin sabuwa ba ni da shi yanzu. Don Allah masu sani ku taimaka.

Wani ɗan'uwa daga Rigasa:
Wa alaikumus salam. Hajiya ki kai a yi mata fomatin kawai, tawa ma haka ta yi, da aka goge komai ta dawo daidai.

Ɗalibin ilimin kwamfuta:
Anti, don Allah kada ki yi saurin fomatin, ga firojet ɗin mutane a ciki. Bari in fara da tambayarki ta farko.

Furosesa, wato sashen da ke gudanar da duk lissafin kwamfuta, tana da ƙwaƙwalwa biyu ko huɗu a irin waɗannan laftof ɗin, kuma kowace ƙwaƙwalwa aiki ɗaya ko biyu take riƙewa a lokaci guda. Ayyukan da ke gudana kuwa sun haura ɗari, har da waɗanda ba kya gani. Abin da Windows take yi shi ne raba lokaci. Ta ba wannan aiki ɗan ƙanƙanin yanki na sakan, ta tsayar da shi, ta adana daidai inda ya tsaya da lambobin da yake riƙe da su, ta ɗora wani, in layi ya zagayo ta mayar da na farko ya ci gaba kamar ba a taɓa tsayar da shi ba. Saurin juyin ne yake sa mu ga kamar komai tare yake tafiya. Dabarar ta daɗe, tun 1961 aka gwada ta a jami'ar MIT da ke Amurka, inda mutane da yawa suka yi amfani da babbar kwamfuta guda. A zamanin Windows 3.1 sai manhaja ta ga dama take sakin furosesa, shi ya sa in ɗaya ta maƙale komai ya tsaya. A Windows ta masu amfanin gida, daga Windows 95 aka fara ƙwace lokacin da ƙarfi. Yanzu ma tagar da ke gabanki ana ɗan fifita ta a rabon.

Wannan juyin ba shi ne matsalarki ba, domin bai kai ko kashi ɗaya cikin dubu na sakan ba. Matsalar wurin ajiya ce. Ki ɗauki tela mai keke ɗaya da ƙaramin tebur: sauya zare daga wannan ɗinki zuwa wancan ba ya cin lokaci, amma in tebur ya cika, dole ya naɗe wani yadin ya kai akwati a ƙuryar shago, in mai shi ya zo kuma ya tashi ya tono. Ram shi ne teburin, had disk shi ne akwatin. In ram ya cika, Windows tana kwashe kayan manhajar da ba ki taɓa ba kwanan nan ta zuba su a wani fayil a kan disk, sunansa pagefile.sys. Da kin danna Chrome, sai ta je ta kwaso nasa, ta kuma kai na Word can don a sami wuri. Jiran da kike yi ke nan. Kuma 4 GB, Windows kanta ta cinye kusan rabi kafin ki buɗe komai.

Mai gyaran kwamfuta a Kawo:
Yaron nan ya faɗi gaskiya, Allah ya ƙara ilimi. Ɗan'uwa na Rigasa, fomatin yakan sa na'ura ta yi sauƙi na ɗan lokaci saboda an share tarkacen da ke tashi tare da ita, amma ba ya ƙara ram ko ƙwaya ɗaya. In aikin bai canza ba, ciwon zai dawo.

Hajiya, kafin ki kashe ko sisi, ki yi wannan. Ki buɗe duk abin da kika saba buɗewa a ranar aiki, sai ki danna Ctrl da Shift da Esc tare. Task Manager zai fito, wato tagar da ke nuna ayyukan da ke gudana a na'urar. Ki duba saman layuka ukun nan, CPU (furosesa ke nan) da Memory (ram ke nan) da Disk, ki ga kashi nawa kowanne ya nuna, musamman a daidai lokacin da ta sandare. Ki dawo ki gaya mana. Ni a teburina na sha ganin haka: CPU tana ƙasa tana hutawa, Memory ya haura kashi 85, Disk ya maƙale a 100. In haka ne, yawanci babu ruwan bairos.

Ki kuma kasa kunne kusa da kibod. In kina jin wani ɗan ƙas-ƙas a ciki lokacin da take jira, tsohon had disk ne mai faifai. Faifan yana juyawa sau 5400 a minti a yawancin laftof, da wata allura da sai ta yi tafiya ta nemo inda bayanin yake. Ram ya fi shi sauri sau dubbai. SSD, sabon nau'in disk da ake sawa a madadin mai faifai, ba shi da abin da ke motsi a ciki, don haka ko an kai kaya can, dawowa ba ya ɗaukar lokaci irin wannan.

Sai ƙura. Da hunturu fankar ciki takan toshe, furosesa ta yi zafi, ita da kanta ta rage gudu don kada ta ƙone. In gefenta na fitar da iska mai ƙuna ko fanka na ihu, a buɗe a hure.

Tsohuwar sakatariya, Unguwar Rimi:
'Yata, ni ban san cikin na'ura ba, amma na yi shekaru ina buga takardun ofis, bari in ba ki abin da hannu ya sani. Ki rage kai hannu ga linzami. Ki danne Alt da babban yatsa, ki taɓa Tab sau ɗaya ki saki, za ki koma tagar da kika baro yanzu. In kika ci gaba da danne Alt kina taɓa Tab, duk tagogin za su jeru ki zaɓa. A cikin Chrome, Ctrl da Tab ke kai ki shafi na gaba. In kina kwafe rubutu daga hoto, ba ma sai kin yi ta tsalle ba: maɓallin Windows da kibiyar hagu zai kai Word rabin allo, ki sa hoton a ɗaya rabin, ido na nan hannu na can.

Abu biyu nake so ki riƙe. Sauke taga ƙasa ba rufe ta ba ne, tana nan tana cin wuri. In kin gama katin biki ki rufe CorelDraw gaba ɗaya. Sannan Ctrl da S kafin kowane tsallake, ki mayar da shi kamar numfashi. Da wutarmu ta Kaduna da na'ura mai sandarewa, aikin mutum amana ne a hannunki.

Ɗalibin ilimin kwamfuta:
Na gode Mama. Ƙari kaɗan: Chrome yana ware wa shafuka ayyuka daban-daban, shi ya sa za ki ga sunansa da lamba a gefe a Task Manager. Shafi goma a buɗe nauyi ne babba. A saitinsa akwai Memory Saver, ki kunna, zai kwantar da shafukan da ba kya kallo. In kuma taga ta rubuta Not Responding, ma'anarsa ta yi kamar sakan biyar ba ta amsa wa Windows ba. Kada ki yi ta dannawa, kowane danni layi yake shiga. Ki ɗan jira, sau da yawa takan farfaɗo.

Mai tambaya:
Allah ya saka muku da alheri. Na duba kamar yadda Malam na Kawo ya ce. CPU tana wajen 20, Memory 92, Disk 100, kuma ƙas-ƙas ɗin nan ina jin sa. Na rufe shafukan Chrome na bar biyu, har ta ɗan sarara. To Malam, in kuɗin abu ɗaya gare ni, ram zan fara ƙarawa ko SSD?

Mai gyaran kwamfuta a Kawo:
Madalla Hajiya, ciwo ya bayyana. Da 92 ɗin nan ni ram zan fara ce miki, ki kai shi 8 GB, domin shi zai rage yawan zuwa disk ɗin tun farko, kuma ba sai an taɓa fayilolinki ba. SSD ya biyo baya da zarar hali ya yi, shi zai gyara jinkirin kunnawa da buɗe manyan fayiloli.

Amma a duba abu uku kafin ki biya. Na ɗaya, ko akwai gurbin ƙari a ciki, don wasu laftof an manne ram ɗinsu ba ya cirewa. Na biyu, irinsa: DDR3 ba ya shiga gurbin DDR4, a Task Manager ɗin nan ƙarƙashin Performance za ki ga gudunsa da yawan gurabe, mai gyara kuma ya buɗe ya tabbatar. Na uku, Windows iri biyu ce, mai 32-bit da mai 64-bit; in taki mai 32-bit ce ba za ta ga abin da ya wuce 4 GB ba, sai an sa mai 64-bit. Ki kuma sani Microsoft ta daina tallafin Windows 10 na yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025, don haka ranar da za a sa SSD ki tambaya ko na'urar za ta ɗauki Windows 11, a yi aikin sau ɗaya. Kafin kowa ya kwance ko ƙusa ɗaya, ki kwafe firojet ɗin ɗalibai a filash, kuma ki tsaya a sa ram ɗin a gabanki, a kunna ki ga 8 GB da idonki.