Muhawara Kan Ɗaura Lensin Zamani a Jikin Tsohuwar Kyamarar Fim

Matashin Ƙofar Marusa: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena masu sana'ar hoto. Na zo da ƙorafi ne, kuma raina a ɓace yake. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya bar mini kyamarar fim ƙirar Canon AE-1, ni kuma ina da lensin EF 50mm f/1.8 STM da nake aiki da shi a kyamarata ta dijital. Burina shi ne in haɗa su in ɗauki hawan Sallah a Ƙofar Soro ta Katsina da abin da mahaifina ya riƙe da hannunsa. Na kai wa wani mai gyara, ya ajiye ta mako 3, sannan ya mayar mini ya ce ba za ta yiwu ba, alhali duka biyun Canon ne. Ni dai na tsaya a kan cewa kowane lensi yana hawa kowace kyamara muddin an samu adafta, wato zoben ƙarfen da ke haɗa lensi da kyamara, kuma kasala ce kawai ta hana shi. Ba na so gadon mahaifina ya zauna a akwati kamar tarkace.

Dattijo mai hoto daga Daura: Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinka, amma ka janye kalmar tarkace. Da irin wannan kyamara muka ci, muka sha, muka yi aure, muka aurar da 'ya'ya, kuma da ita na ɗauki Sallar Gani shekara da shekaru kafin a haifi da yawa daga cikinku. Wanda ya kira ta tarkace ya kira guminmu tarkace.

Matashin Ƙofar Marusa: Baba, ka gafarce ni, cewa na yi ba na so ta zauna kamar tarkace, ban ce ita tarkace ba ce.

Mai ɗaukar bukukuwa, Ƙofar Ƙaura: Ni kuwa ban ga abin janyewa ba, Baba, tare da girmamawa. Kayan aikin da ba ya kawo kuɗin cefane sunansa ke nan. Amarya a yau tana son ganin hotonta a waya kafin a tashi daga kamu, kuma babu uwar amaryar da za ta jira a cika fim mai ɗauka 36, a kai wanki, a dawo.

Dattijo mai hoto daga Daura: To ai nan ne bambancinmu. Mu da ɗauka 36 muke gama biki, domin ba ma danna maɓalli sai mun auna haske da ido. Ku kuna danna ɗaruruwa ku zaɓi goma. Nagatif ɗin da na wanke tun zamanin Shagari yana nan a ambulan, ina so a nuna mini katin ajiyar da ya kai rabin shekarunsa.

Malamin fasaha: Jama'a, ku ba ni dama in koma kan tambayar yaron nan, domin mai gyaran ya faɗa masa gaskiya. Kowace kyamara tana da tazara ƙayyadaddiya tsakanin bakin da lensi ke zama da fuskar fim, kuma idan lensi ya yi nisa da fim fiye da tazarar da aka ƙera shi a kai, ba zai iya kama abin da ke nesa ba, sai na kusa. AE-1 ta fito a 1976 da baki irin na FD, mai tazarar milimita 42, shi kuwa EF da aka fito da shi a 1987 tazararsa milimita 44 ce. Wato milimita 2 kacal suka rage wa adafta, ga shi kuma gindin EF ya fi bakin FD faɗi, don haka babu inda ƙarfen zai zauna. Ko da an yi dabara an ɗaura shi, akwai matsalar da ta fi wannan girma: lensin EF ba shi da zoben da ake murɗawa a buɗe ko a tsuke ƙofar haske, kyamara ce ke ba shi umarni ta lantarki, kuma irin na STM ko zoben fokos ɗinsa, wanda ake murɗawa hoto ya fito tar, ba ya motsa gilashi sai da wuta daga kyamara. AE-1 ba ta da waɗannan mahaɗan lantarki. Lensunan RF na Canon da na Z na Nikon da suka fito a 2018 ma ba a maganarsu, domin tazararsu milimita 20 ce da 16, sai sun kutsa cikin inda madubin da ke cikin kyamarar ke lilo kafin su ba da hoto. Abin da ke yiwuwa cikin sauƙi shi ne akasin haka, wato tsohon lensi a kan sabuwar kyamara marar madubi.

Hajiya mai situdiyo: Malam, Allah ya ƙara ilimi, kuma bayaninka ya tabbatar da abin da na daɗe ina faɗa, cewa Canon ta yi watsi da mutanenta a 1987. Nikon ta fito da bakin F a 1959 ta riƙe shi shekaru da dama, shi ya sa mu masu Nikon ba mu san wannan kuka ba. Idan akwai abin da ya zama tarkace, to kamfanin da ya canza baki ne ya mayar da shi haka.

Mai ɗaukar bukukuwa, Ƙofar Ƙaura: Hajiya, ki ɗaura lensin Nikon irin na G a kan tsohuwar kyamarar fim ta Nikon FM2 ki ba mu labari. Shi ma ba shi da zoben ƙofar haske, zai shiga bakin lafiya, amma ya tsuke a mafi ƙanƙantar ƙofa ya ƙi buɗewa lokacin ɗauka. Shiga baki daban, aiki daban.

Hajiya mai situdiyo: Amma dai ya shiga, ƙanena, naku kuwa ko shigar bai yi ba. Sannan kyamarar Nikon F100 ta fim ce, kuma tana sarrafa lensin G ba tare da wata wahala ba.

Malamin fasaha: Haka ma Canon EOS 650 da sauran kyamarorin fim na EOS suke karɓar lensin EF kai tsaye, ban da irin na EF-S. Da yaron zai nemi ɗaya daga cikinsu, ko ya nemi lensin FD 50mm na asali ya sa wa ta mahaifinsa, da buƙatarsa ta biya.

Dattijo mai hoto daga Daura: Har yanzu ban ji wanda ya janye kalmar ba, sai ma Hajiya da ta maimaita ta. Kuma ina lura da cewa mutanen birni ne ke wannan rainin, domin a Daura yaro ba ya kiran kayan ubansa da wannan suna.

Mai ɗaukar bukukuwa, Ƙofar Ƙaura: Baba, kada a shigo da Katsina da Daura cikin maganar, domin a nan birni ma akwai dattawan da suka ɗauki hawan Bariki da fim, kuma su da kansu suka koma dijital.

Matashin Ƙofar Marusa: Ni dai har yanzu ba a gaya mini dalilin da ya sa aka riƙe mini kyamara mako 3 ba.

Hajiya mai situdiyo: Tunda dare ya yi, bari in taƙaita abin da aka cimma. An yarda cewa lensin yaron ba zai hau AE-1 ba, kuma tushen matsalar shi ne canjin bakin da Canon ta yi, wanda masu Nikon ba su fuskanci irinsa ba a wancan lokacin. An kuma ga cewa Baba yana da gaskiya a kan darajar fim. Shawarata ga yaron ita ce ya adana ta mahaifinsa, ya nemi F100 kafin Sallah, ni zan ara masa lensi idan ya zo situdiyo.